RX-7: A FARA BA TA RUWA KAFIN A NEMI GUDU

 

A makon da ya gabata wani ɗan uwa ya kawo mana babi ɗaya daga littafin da yake rubutawa. Jarumin nasa ɗan masu hali ne da ke karatu a Amurka, motarsa kuma Mazda RX-7 ce. Mun fara yaba masa, domin ya tsallake "wata dalleliyar mota mai numfashi" da ta cika littattafanmu, ya kira mota da sunanta. Sai dai a cikin babin, jarumin ya kai motar gareji da safe, aka ninka mata ƙarfi kafin la'asar, da dare ya fita tsere. Da allurar zafi ta tashi sai ya tsaya ya ɗura mata ruwan gora, ya ci gaba da gudu har asuba, ya kuma ci gasar.

Daga nan muhawara ta kaure, mutane suka rabu gida biyu. Wasu suka ce ai injin RX-7 injin banza ne, ko a labari bai kamata a ba jarumi shi ba, gara a cire shi a dasa wani. Wasu kuma suka ce babu laifi, su ma da za su sami motar abin da za su fara yi ke nan, a ɗora mata babban turbo, a buɗe salansa, a ji ƙara.

Mu ba mu yarda da kowanne daga ɓangarorin nan ba, kuma za mu faɗi dalili. Abin da ke kashe wannan inji zafi ne da gaggawar mai shi. Duk gyaran da bai fara da ruwa da baƙin mai da fetur ba, ya fara da neman ƙarfi, to haƙa wa injin kabari ake yi, ko da kuwa kayan da aka saka na zinare ne. Motar da ke cikin babin nan, da a zahiri ne, da ba ta ga asuba ba.

YADDA INJIN YAKE

Injin da muka saba da shi a motocinmu da baburanmu fistan gare shi, yana hawa yana sauka cikin silinda. Na RX-7 ba haka yake ba. Shi ana ce masa rotari, ko kuma injin Wankel, da sunan Bajamushen da ya ƙirƙiro shi, Felix Wankel. Babu fistan a cikinsa, babu bawul. Abin da ke ciki wani ƙarfe ne mai kusurwa uku, mai ɗan tumbi a kowane gefe, ana kiransa rota. Yana juyawa ne cikin wani gida mai siffar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu. Kowane gefe na rotar nan ɗaki ne mai zaman kansa. Yayin da yake zagayawa, sai ya shaƙi iska da fetur a wuri ɗaya, ya matse su a gaba, fulogi ya kunna musu wuta, sannan ya fitar da hayaƙi a ƙarshen zagayen. Duk juyi ɗaya da rota ya yi, sandar tsakiya ta yi uku.

Injin RX-7 na ƙarshe, wanda ake kira 13B-REW, rota biyu gare shi, kowanne cc 654, jimilla 1,308. Wato a takarda bai kai injin ƙaramar Corolla girma ba, amma da turbo biyu da aka haɗa masa yana ba da ƙarfin doki 255 tun daga masana'anta, daga baya ma ya kai 280 a Japan. Wannan samfurin shi ake kira FD, an fara shi a 1991 aka rufe a 2002. Shi ne ruwan lemon nan da da yawanmu muka gani a fim ɗin Tokyo Drift na 2006, ko da yake an sauya masa jiki har ba a gane shi.

Abubuwa uku ya kamata mu riƙe game da ginin wannan inji, domin duk maganarmu a kansu ta dogara.

Na farko, a kan kowace kusurwa ta rota akwai wani siririn ƙarfe da ke gogar bangon gidan, shi ke hana matsi tserewa daga wannan ɗaki zuwa wancan. Mu kira shi silin kusurwa. Aikin da ringi ke yi a jikin fistan shi yake yi, amma ya fi ringi shan wahala.

Na biyu, injin a jere yake kamar faifai a kan faifai: farantin baƙin ƙarfe, gidan rota na alminiyom, wani farantin, wani gidan, sannan farantin ƙarshe, an ɗaure su da dogayen kusoshi. A tsakaninsu akwai siraran zobba na roba da ke raba ruwan sanyaya inji da ɗakin wuta.

Na uku, a injin fistan wuri ɗaya ne ke shan wuta, ya kuma sha sanyin sabuwar iska da fetur bayan ɗan lokaci. A rotari ba haka ba ne. Gefen fulogi kullum cikin wuta yake, gefen shigar iska kullum a sanyaye. Ɓangare ɗaya na gidan bai taɓa hutawa ba tun da aka tayar da inji har a kashe shi.

To ku haɗa na biyu da na uku. Alminiyom ya fi baƙin ƙarfe buɗewa idan ya ji zafi, kusan ninki biyu. Idan zafi ya wuce kima sai gidan ya murɗe, zobban roba su ƙone ko su saki, ruwa ya shiga ɗakin wuta, hayaƙi kuma ya shiga hanyar ruwa. A injin fistan idan aka yi obahitin, sau da yawa gasket ne za a canja, a goge kan inji, a ci gaba da harka. A rotari babu kan da za a cire. Sai an sauke injin gaba ɗaya, an warware shi faifai bayan faifai. Obahitin ɗaya tak mai tsanani ya isa ya kai mutum ga wannan. Shi ya sa muka ce jarumin babin nan, daga lokacin da allura ta tashi, labarinsa ya riga ya ƙare.

GA MASU CEWA INJIN BANZA NE

Ba za mu ce maganarku babu tushe ba. Kamfanin NSU na Jamus, wanda shi ya fara sayar da mota mai wannan inji a 1964, ya fito da Ro 80 a 1967, har ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai. Amma silin kusurwa ya yi ta cinyewa tun mota ba ta yi nisa ba, kamfanin ya yi ta canja wa mutane inji kyauta har aljihunsa ya huje, Volkswagen ya saye shi a 1969. Ita ma Mazda, da ta karɓi lasisin injin a 1961, ta sha fama da wasu zane-zane da silin ke bari a bangon gidan rota, har injiniyoyinta suka laƙaba musu sunan yaƙushin shaiɗan. Sai da Kenichi Yamamoto da tawagarsa ta injiniyoyi 47 suka shafe shekaru a Hiroshima kafin su fito da Cosmo Sport a 1967. Kuma har gobe rotari ya fi injin fistan shan fetur, yana ƙona baƙin mai, kuma mai turbo ba ya kai shekarun injin Toyota kafin ya nemi a buɗe shi. Duk mun yarda da wannan.

Amma a watan Yunin 1991, a tseren Le Mans na ƙasar Faransa, inda ake kwana a yini ana gudu har awa 24, wace mota ce ta zo ta ɗaya? Mazda 787B ce, mai rota huɗu, a hannun Johnny Herbert da Volker Weidler da Bertrand Gachot. Ta yi zagaye 362, sama da kilomita 4,900. Ita ce motar Japan ta farko da ta ci wannan gasa, kuma babu wata ta Japan da ta sake ci sai Toyota a 2018. Ba ta fi sauran gudu ba. Akwai motocin Mercedes da suka fi ta sauri, suka daɗe a gabanta, amma matsala ta tsayar da su, ita ta wuce. Injinta ba shi da turbo, kuma injiniyoyin da gangan suka rage masa juyi ƙasa da iyakar da zai iya kaiwa, don ya kai ƙarshen tseren lafiya.

Injin banza ba ya yin awa 24 ana taka shi. Abin da Le Mans ta nuna shi ne, idan aka ba wannan inji isasshen ruwa da mai da iska, aka kuma san iyakarsa, yana da juriya ta ban mamaki. Mutanen da suka fi kowa sanin injin a duniya, da suka je neman kofi, rage masa ƙarfi suka yi. Ku kuma da kuka ga hoton motar a waya kun yanke masa hukunci, ba ku tambayi yadda masu shi suka riƙe shi ba. Ku tuna, ƙaramar RX-7 a duniya yau ta haura shekara 20, ta bi ta hannu uku ko huɗu, kowa ya yi mata nasa ƙarin. Idan ta mutu a hannun na biyar, sai a ce Wankel ne ya yi kuskure?

GA MASU NEMAN GUDU

Ku ne kuka fi ba mu tsoro, domin ku son motar kuke yi, kuma son naku ne ke kashe ta.

Ga abin da ke faruwa. Turbo iska yake tura wa inji da ƙarfi. A FD ta masana'anta matsin nan kusan bar 0.7 ne, wato bai kai rabin iskar da ke cikin tayar mota ba. Kwamfutar injin an tsara ta ne a kan wannan adadi, ta san yawan fetur ɗin da za ta ba shi. Da zarar an cire salansar asali an saka buɗaɗɗiya, an kuma buɗe hanyar shigar iska, sai turbo ya sami sarari, matsi ya haura abin da aka tsara. Iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru daidai da ita ba. Haɗin da fetur ya yi wa kaɗan ya fi zafi, kuma yakan fashe da kansa kafin lokacinsa. Wannan fashewar ba-zata kamar guduma take a kan silin kusurwa. Injin fistan yakan jure ta na ɗan lokaci, direba ya ji ƙara ya ɗaga ƙafa. Rotari ba ya ba da wannan dama. Sil ɗaya ya karye, gutsurensa ya karce bangon gida, ya fita ta hanyar hayaƙi ya daki fukafukan turbo. Cikin daƙiƙa kaɗan an yi asarar inji da turbo tare. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai kuma wani ƙari da ake yi don hoto. Iskar da turbo ya matsa tana yin zafi, don haka ake bi da ita ta wani lagireto na iska kafin ta shiga inji. Masu son a gan su sukan sayo ƙato su kafa shi a bakin motar, daidai gaban lagireton ruwa, yana ƙyalli ta cikin bamba. Iskar da za ta sanyaya ruwa sai ta fara bi ta cikinsa, ta iso da zafi kuma da rauni. An sanyaya iska, an dafa ruwa. Waɗanda suka san aikin sukan jingina lagiretocin biyu ne su yi siffar harafin V, kowanne ya sami tasa sabuwar iskar.

ABIN DA YA KAMATA A FARA YI

Tunda mun soki kowa, wajibi ne mu faɗi namu. Ga jerin, kuma jerin shi ne maganar, domin wanda ya fara daga ƙarshe bai yi komai ba.

1. A auna matsin injin. Kafin a sayi ko da kusa ɗaya, a san ko injin yana da rai. Ma'aunin matsi na injin fistan ba ya faɗin gaskiya a nan, domin kowane rota fuska uku gare shi, kuma sai an ga lambar kowace fuska daban. Akwai na'urar da aka yi don wannan. Injin da ke tashi da sanyi amma ya ƙi tashi idan ya yi zafi, sau da yawa matsinsa ne ya yi ƙasa. Zuba kuɗi a kan irin wannan kamar yi wa rusasshen gini fenti ne.

2. A saka geji mai faɗin gaskiya. Allurar zafi ta asali a FD takan zauna a tsakiya ba ta motsi, ko ruwa yana daidai ko ya fara wuce gona da iri. Sai abu ya ɓaci take tashi. An yi ta ne don kada hankalin direba ya riƙa tashi, ba don ta gargaɗe shi da wuri ba. Geji mai nuna lamba, na ruwa da na baƙin mai da na matsin turbo, shi ne gyara na farko da za a ɗaura a jikin motar. Ba ya ƙara ƙarfin doki ko ɗaya, amma ya ceci injuna fiye da kowane ƙarfe mai ƙyalli.

3. A kori tsohuwar roba daga hanyar ruwa. FD tana da wani ɗan tanki da ke raba kumfar iska da ruwa, an yi shi da roba, kuma a wuri mai zafi yake zaune. Idan ya tsufa sai ya tsage, ruwa ya zube cikin ɗan lokaci. Ana maye gurbinsa da na alminiyom. Haka lagireton asali, gefunansa na roba ne, ana canja shi da na alminiyom zalla mai kauri. Duk tiyon ruwa a sabunta, har da ƙananan nan da ke ɓuya kusa da turbo, da murfin lagireto, domin murfin da ba ya riƙe matsi yana sa ruwa ya tafasa da wuri.

4. A tilasta wa iska bi ta inda ake so. Iska ma kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi. Idan akwai rata a gefen lagireto, ta nan za ta zille. Farantin robar da ke ƙarƙashin gaban motar, wanda makanikai da yawa ke cirewa su jefar don yana hana su aiki, yana cikin abin da ke kora iska cikin lagireto. A mayar da shi, a toshe ratar gefe da soso. Wannan kusan kyauta ne, kuma babban lagireto ba tare da shi ba rabin aiki yake yi.

5. A sa fanka ta tashi da wuri, amma a bar tamostat a wurinsa. Fankar FD ba ta tashi sai ruwa ya haura digiri 100, masu motar kuma sukan canja makunninta ko su gyara a kwamfuta don ta riga haka. A nan ne za mu taɓo gida. Mun san al'adar garejojinmu: mota ta shigo daga waje, abu na farko a cire tamostat a ce na ƙasar sanyi ne. A injin rotari wannan ɓarna ce ƙarara. Tamostat ɗinsa aiki biyu yake yi. Idan ya buɗe, wajen digiri 82, yana sakin ruwa zuwa lagireto, a lokaci guda kuma yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji. Idan aka cire shi, hanyar nan a buɗe za ta zauna, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye cikin inji bai ga lagireto ba. An cire shi don a rage zafi, an ƙara zafi.

6. A kula da abin da ake zubawa. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin gishiri da tsatsa, ga shi injin haɗin alminiyom da baƙin ƙarfe ne, masu cin juna idan babu magani a tsakani. Ramin da zoben roba ke kwanciya a ciki siriri ne, tsatsa na cinye bangonsa. Tataccen ruwa ake so, a gauraya da ruwan sanyaya inji na gaske, a kuma fitar da duk iskar da ta maƙale bayan an cika.

7. A sanyaya baƙin mai. A wannan inji baƙin mai ba santsi kawai yake bayarwa ba. Shi ke ratsa cikin rota ya kwaso zafinsa, domin ruwa ba ya isa can. Shi ya sa kowace RX-7 take da lagireton mai. A Amurka samfurin R1 da R2 guda biyu suke da shi, sauran ɗaya. Ƙara na biyun gyara ne da masana'anta da kanta ta nuna hanyarsa.

8. A shayar da silin kusurwa. Akwai ɗan famfo da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta don silin ya sami santsi, man kuma ya ƙone tare da fetur. Don haka raguwar mai a wannan mota ba ciwo ba ne, haka aka gina ta, kuma masu ita sukan duba sandar mai duk bayan shan fetur biyu. Da yawansu kuma suna ƙara ɗan man inji mai bugu biyu a cikin tankin fetur, kamar dai yadda muke haɗa wa ƙaramin janareto, sai dai nasu kaɗan ne ƙwarai. Idan famfon ya gaza ko siraran tiyonsa suka toshe, wannan haɗin ne zai tsaya wa silin.

9. A rage zafin cikin bonet. Hayaƙin rotari ya fi na injin fistan zafi. Motocin da aka kai Amurka suna da wata matatar hayaƙi ta farko manne da turbo, wadda ke tara zafi kamar murhu, idan ta tsufa kuma ta toshe. Da yawa suna maye gurbinta da bututu, su bar babbar matatar da ke ƙarƙashin mota, gwargwadon abin da dokar wurinsu ta yarda. Wannan zafin ne kuma ke busar da tarin ƙananan tiyon iska da ke sarrafa turbo biyun, waɗanda masu motar ke kira sheƙar ɓera saboda yadda suka cukurkuɗe. Ana canja su da na silikon. Amma a lura, duk abin da ya buɗe hanyar hayaƙi yana iya ɗaga matsin turbo, don haka wannan mataki ba ya rabuwa da na gaba.

10. Fetur da kwamfuta. Sabuwar matatar fetur, famfo mai ƙarfi, a wanke injekta a gwada su, sababbin fulogi, sannan kwamfutar da za a iya tsarawa, irin su Power FC ko Haltech, a hannun wanda ya san rotari. Mai tsarawa na ƙwarai yakan bar fetur ya ɗan yi yawa da gangan, ya sadaukar da doki kaɗan don inji ya zauna lafiya.

Sai bayan waɗannan goma ne za a zauna a yi maganar ƙarin ƙarfi. Mun kuma san da yawa idan suka kai nan sai su ga motar ta ishe su haka.

ƘANWARTA RX-8

Mazda ta yi RX-8 daga 2003 zuwa 2012, da injin Renesis marar turbo, mai juyawa har 9,000 a minti. Ita ce ta fi jawo wa rotari baƙin jini, har kamfanin ya tsawaita garantin injin na farkon samfurin a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000. Amma ku dubi inda ciwon yake. Kwayil ɗinta na saurin rauni, idan wuta ta yi rauni fetur ba ya ƙonewa duka, ya wanke man da ke jikin bango, ya kuma tafi ya narkar da matatar hayaƙi. Idan aka tayar da ita da sanyi aka kashe nan take, fetur na iya cika ɗakin ta ƙi tashi. Wanda kuma ke lallaɓa ta kullum a ƙaramin juyi, baƙin toka na taruwa ya riƙe silin. A samfurin 2009 Mazda ta ƙara bakin ɗigar mai na uku a kowane rota, wanda ya nuna cewa tsakiyar silin ba ya samun isasshen mai a na farko. Maganin dai shi ne wanda muka lissafa: wuta mai kyau, mai isasshe, ruwa mai sanyi, a bar ta ta ɗumama, a kuma riƙa buɗe mata murya lokaci zuwa lokaci bayan ta ɗumama.

"TO AI GARA A CIRE A SAKA WANI"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo, kuma ba za mu raina ta ba. A Amurka mutane da yawa suna cire rotari su dasa injin V8 na Chevrolet, motar ta yi ƙarfi, ta kuma daina ba su ciwon kai. Wanda ya yi haka da kuɗinsa ba mu da ikon hana shi. Amma a daina kiran wannan gyaran RX-7. An zana motar ne a kan ƙaramin inji da ke zaune can baya da ƙasa, a bayan layin tayoyin gaba, shi ya ba ta gajeren hanci da daidaiton nauyi tsakanin gaba da baya. Santsin juyinsa da muryarsa su ne motar. Wanda bai iya kiwon doki ba ya sayar ya sayi raƙumi, ya huta, amma kada ya ce ya warware matsalar doki.

Ga masu cewa jerin nan ya yi tsada kuma, ku kwatanta kuɗin geji da tanki da tiyo da kuɗin sauke inji a sayi sabon gidan rota. Ba a fafe gora ranar tafiya.

KOMAWA GA BABIN

Wani zai ce, me ya haɗa marubucin Hausa da motar da ba kasafai ake ganinta a titunanmu ba? Abin da ya haɗa mu shi ne mu muka ɗauko ta muka saka a labari. Duk abin da marubuci ya kira da suna, ya ɗauki alkawarin saninsa. A cikin masu karanta mu akwai makanike, akwai ɗalibin injiniya, akwai yaron da zai ɗauki abin da jarumi ya yi a matsayin ilimi. Ranar da ɗayansu ya ga jarumi ya buɗe lagireto mai tafasa ya zuba ruwan gora ya ci gaba da tsere, daga nan ya daina yarda da mu, har a kan abin da muka sani da gaske.

Kuma sanin ba ya rage wa labari daɗi. Ɗan uwa mai babi, ga shawara. Ka bar jaruminka ya ƙi jin maganar tsohon makaniken da ya ce masa a fara da lagireto. Ka bar shi ya yi gaba a tseren, allura tana zaune a tsakiya tana yi masa ƙarya. Sannan da safe ya murɗa makulli, farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi ya turnuƙe bayan motar, ya san ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ga kuma kuɗin makarantar da ya riga ya kashe a kan turbo. Wannan babin za mu karanta shi har ƙarshe, kuma babu makaniken da zai yi mana dariya.

Wanda ke da ja a kan wani mataki daga cikin goman nan, ko yake ganin jerin ya kamata ya sauya, ya kawo hujjarsa a ƙasa, za mu amsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ya san wata kalmar da makanikai ke amfani da ita wadda ta fi wadda muka saka, ya taimaka mana da ita.